Gefen da Ba Ya Gusawa

A cikin gwangwanin shayi disket ɗin, ɗan faifan kwamfuta, ya iso Gure. Autanmu ne ya naɗe shi da tsumma ya cusa shi ciki, wai kada rana ta dafa shi a hanya. Ya ba wani direba tun daga Yamai, shi kuma ya miƙa wa na Damagaram, na Damagaram ɗin ne ya tsaya ƙofar bironmu, wato ofishinmu, yana ta danna odar mota. Da na fito ya ce, "Madan, ƙanenki ya ce garin Gure ne kaf a ciki, kada ki jijjiga shi." Na ce masa in dai garin ne a ciki, ai ya riga ya gama jijjiga shi a ramukan hanya. Na fizge gwangwanina na shige, ko godiyar kirki ban yi masa ba.

Ƙarshen shekarun casa'in ke nan. Ni ce sakatariya a wani furoje, wato shirin raya ƙasa, mai yaƙi da rairayi. Mazan furojen suna fita daji suna kafa shingayen kaba da ƙirare a kan tuddai, don su daina tafiya suna binne kwarin da mutanenmu ke da dabino da lambuna a ciki. Ni nawa aikin bugun takardu ne. Ordinatar, wato kwamfuta, guda ce a biron, muna lulluɓe ta da zanen gado, kuma ba mai yaye zanen sai ni. Shef ɗinmu, shugaban biron, wani dogon mutumin Tawa, in zai wuce ta gabanta har rigarsa yake tattarewa.

Auta yana karatu a jami'a a Yamai, yana kuma taya wani mai shagon intanet aiki. 'Yan ƙasar Gure da ke zaune can suka ce ya gina wa garinmu shafi, yadda wanda ke ko'ina a duniya zai buɗe ya gan mu. Mu a Gure ba mu da intanet ɗin, layin tarhonmu ko murya da ƙyar yake ɗauka. Shi ya sa ya aiko da zubin shafin a disket, ya kuma kira ni yana ihu kamar daga ƙasan rijiya.

"Yaya, zubi biyu ne a ciki! Ɗaya mai kadar, ɗaya marar kadar. Abokaina sun rabu, wasu sun ce kadar ce yayi, wasu sun ce wahala ce. Ni na ce a tambayi masu garin. Ki nuna wa mutane, abin da suka ce shi zan yi."

"Kadar ta mece ce kuma?"

"Buɗe ki gani!"

Kuran, wato wutar lantarki, na dawowa na buɗe. Kai! Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Gilashin ya rabu biyu. Gefen hagu siriri ne, da hoto a sama, a ƙasansa sunaye a jere: Gure, Kelle, Gidigir, Bune, Kasuwa, Mata, Rairayi. Gefen dama faffaɗa ne. In ka ɗora ɓeran nan na ordinatar a kan Kelle ka danna, sai daman ya juye ya zama Kelle, da duwatsunta da bayaninta. Ka danna Kasuwa, Kelle ta tafi, ga raƙuma da buhunan kanwa. Amma hagun yana nan daram, ko motsi ba ya yi. Wannan rabon shi ne kadar. Zubi na biyu babu rabo, kowane shafi shi kaɗai yake cika gilashin, ka danna ya tafi gaba ɗaya wani ya zo.

Na danna, na danna, na danna, har abincin ranata ya huce. Na fita na jawo shef da hannun riga. Ya leƙa daga nesa ya ce, "Wanga abu, mi ne ne amfaninshi?" Da na danna Rairayi ya ga shingayensa, sai ga shi ya jawo kujera da kansa.

Amma ni ba dannawar ce ta tayar da ni tsaye ba. Hoton da ke saman hagu ne. Ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, ya ɗan yi hazo-hazo, amma ko a mafarki na san shi. Kwarinmu ne. Ga dabinai sun yi duhu, ga jigo a bakin rijiya, ga wani siririn mutum ya ɗaga hannu zai ja igiya. Babanmu ke nan, tun gemunsa yana baƙi. Wani bature mai auna rijiyoyi ne ya ɗauke shi ya bar masa, hoton ya daɗe a ƙasan akwatin innarmu. Ashe ɓarawon yaron nan ya ɗauke shi lokacin da ya zo hutu.

Kwarin yana tsakanin Gure da Gidigir. A nan aka haife ni. Ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, tudun arewa ya fara gangarowa, shekara ta farko ya ci lambun rogo, daga baya ya ci rijiya, sannan ya bi dabinan ɗaya bayan ɗaya har wuya. Baba ya yi shinge, ya kwashe da kwando, ya sake shinge. Ranar da ya gane ba ta yiwuwa ya ɗora mu a amalanke muka shigo gari. Tun daga nan yake zaune a rumfa a kasuwa yana sayar da dabinon wasu. Bai sake taka wurin ba, kuma a gidanmu ba a ambaton sunan kwarin. Furojen da nake yi wa aiki ya zo bayan komai ya ƙare.

To ga shi Auta ya tono shi ya ɗora a inda ba ya gusawa. A zubi marar kadar ma akwai hoton, amma a shafin farko kawai, kana dannawa ya ɓace. Saboda haka tun kafin kowa ya buɗe baki ni na gama zaɓe. Ni 'yar kadar ce, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Shef ya ba da izini a riƙa shigo da mutane bayan la'asar. Wayyo, ka ga biron nan a kwanakin! Takalma a ƙofa kamar masallacin Juma'a. Malaman lakwal suka zo, ma'aikatan asibiti suka zo, 'yan kasuwa suka bar rumfuna suka zo. Ni ce a kujera, ɓera a hannu, ina jin kaina kamar mai tuƙa jirgi. Kowa da abin da ya gani. Wani mushe, malamin lakwal, ya sa tabarau ya tsinto kurakuran Faransanci, ya karanta mini su da ƙarfi kamar ni na yi. Wani Alhaji mai kanti ya ce koren da aka shimfiɗa a baya ya yi yawa, duk wanda ya gani zai zo Gure da lema. Aka yi dariya, aka yarda a mayar da shi ruwan ƙasa. Wani ya ce raƙumin da ke shafin Kasuwa ramamme ne, abin kunya, shi yana da wanda ya fi shi, a zo a ɗauka. Wata ungozoma ta ce rubutun ya yi ƙanana, in ba so ake sai yara su karanta ba. Duk ina riƙewa, in an watse in kira Auta in zazzage masa, shi kuma yana ta cewa, "Madalla! Sai me? Sai me kuma?"

Kalmar kadar ba ta zauna a bakin kowa ba. Mutane da kansu suka raɗa wa abin suna: hagu shi ne gefen zama, dama gefen tafiya.

Wadda ta yanke maganar zubi biyun ita ce shugabar ƙungiyar mata masu saƙar tabarma, wata dattijuwa daga Barebarin Manga, mai faɗa a ji, duk muna ce mata Inna. Ta ƙi yarda in riƙe mata ɓeran. Ta kama shi da hannu biyu, ta ture shi har ya kusa faɗowa daga tebur, amma ta danna. A marar kadar ta shiga Kelle, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce, "To, na shiga. Ta ina zan fita?" Na nuna mata wata 'yar kibiya a can lungu. Ta ce, "Wannan abar? Baƙo ya zo garinku ku bar shi yana laluben ƙofa?" Na buɗe mata mai kadar. Ta shiga Kelle, ta fito ta shiga Bune, ta koma Mata ta ga tabarminta, ta yi guɗa a cikin biro har mai gadi ya leƙo.

"Wannan shi ne na mutane," in ji ta. "Duk inda ka je gida yana gefenka. Amma ke 'yar nan, wane marar tarbiyya ne ya rubuta shi? Ko sannu babu, sai bayani?"

Na ce ƙanena ne. Ta ce ta sani, ai ta ga alama. Ta ce a sa gaisuwa a gefen zama, da Hausa da Barbarci da Fillanci, Faransanci ya biyo baya in akwai wuri. Kowa ya ce haka ne. Aka tsaya a kan kadar, ni kuwa na tafi gida ina taka ƙasa da ƙyar don murna.

Ban san na jawo wa kaina ba. Da aka ce gefen zama ba ya gusawa, kuma duk wanda ya buɗe shafin daga ko'ina shi zai fara gani, shi zai ƙare da gani, sai ɗan siririn wurin nan ya zama abin rububi. Jiya ba wanda ya kula da hoton. Yau kowa ya zuba masa ido.

Wanda ya fasa maganar wani dattijon Bafillace ne daga Bune, wakilin makiyaya, da ke zuwa bironmu saboda maganar burtali. Mu Barebari da Fulani taubasai ne, duk abin da ya ga dama yana gaya mini, ni ma ba na raga masa. Ya shigo da sandarsa, ya fara da ƙorafin an sa Bune a ƙasan Kelle. Na ce ya gode Allah da ba a sa ta ƙarƙashin tebur ba. Ya ce zai saye ni da ɗan maraƙi gurgu. Muna cikin haka ya matso da fuskarsa dab da gilashin, ya daɗe yana kallon hoton.

"Na san kwarin nan," ya ce. "Na shayar da shanu a nan ina saurayi. Ai babu shi."

Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Babu shi mana! Rairayi ya cinye shi tuntuni, bara na bi ta kansa ban ma san na bi ba. Kai, Barebari! Ƙaryar taku har cikin gilashi? Yanzu in wani ya taso daga ƙasar Turawa ya ce a kai shi ya ga wannan wuri, ina za ku kai shi? Ku ce masa ya tona?"

Aka fashe da dariya. Shi bai gane mutumin da ke jikin jigon ba, hoton ƙarami ne. Waɗanda suka gane suka sunkuyar da kai. Ni kuwa kunnuwana suka ɗau zafi, na ce masa hoto ai tarihi ne, shi da bai san ko alif ba ina ruwansa. Ya ce tarihi a kai shi wurin tarihi, amma fuskar gari a sa abin da ke akwai. Abin haushin, mutane suka fara gyaɗa kai.

Sai shef ya yi gyaran murya. Ya ce shi yana da shawara mai kyau ƙwarai. A ɗauke hoton a kai shi gefen tafiya, cikin shafin Rairayi, a rubuta "da" a ƙasansa. Kusa da shi a sa wani da furoje ya ɗauka a wurin, a rubuta "yanzu". Ya ce masu ba da taimako suna son irin wannan, yana taɓa musu zuciya. Na san hoton da yake nufi, ni na manna shi a rahoto da hannuna: farin tudu fetal, da kan dabino guda ya leƙo kamar tsintsiya. Ban taɓa gaya wa Baba na gan shi ba.

Na kashe ordinatar ban bi ƙa'ida ba, na ce kuran ya yi rauni, a dawo gobe.

Na kira Auta ina huci. Na ce ya bar hoton inda yake, kowa ya sha iska. Layin yana ƙara, ya ce, "Yaya, ni ma don ya zauna na sa shi. Amma mun ce wa mutane abin da suka ce shi za a yi. In mun zaɓi wanda muke so kawai, me ya sa muka tara su?" Na ce masa tun yaushe ya zama limami. Na kife tarhon.

Abin da ke cina a rai guda ne. Ban damu da kore ko ruwan ƙasa ba, ban damu da ramammen raƙumi ba. Ina so babana ya tsaya a bakin rijiyarsa a inda ba abin da zai ture shi. Ba na so duniya ta san shi a matsayin mutumin "da", wanda ake nunawa don a ji tausayi. Kuma ina tsoron ranar da zai ji an yi haka da shi.

A Gure kuwa magana ba ta kwana. Washegari da rana na kai masa abinci rumfa, yana auna wa wata yarinya dabino, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Uwata." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. "An ce kun sa ni a gilashi."

Na ce aikin Auta ne.

"An ce kuma ana faɗa a kaina."

Na ce ba faɗa ba ne, shawara ce, kuma ni zan ji da ita, kada ya wahalar da kansa.

"Yaushe ne taron naku na ƙarshe?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na gaya masa.

Ranar taron ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Tun da na fara aiki a biron nan bai taɓa shigowa ba, ko wucewa zai yi ta ɗaya gefen titi yake bi. Ya cire takalma a ƙofa, ya yi sallama, aka buɗa masa hanya. Inna tana nan, shef yana nan, Bafillacen Bune ma ya dawo da sandarsa. Na ba Baba kujerata, na tsaya a gefensa na miƙa hannu ga ɓeran.

Shafin ya buɗe. Baba ya matso. Ya ɗaga yatsa kamar zai taɓa gilashin, ya fasa, ya mayar da hannun cinyarsa.

"Wannan ta gefen rijiya," ya ce a hankali, "ita ce mai zaƙin. Innarku ba ta bari a sayar da nata."

Sai ya ce, "An ce in an taɓa wani abu yana sauyawa. Taɓa mu gani."

Na danna Kelle. Daman ya juye. Na danna Gidigir, na danna Kasuwa, na danna Mata. Ina kallon fuskarsa ta gefe. Ko sau ɗaya idonsa bai je dama ba.

"Duk abin da aka taɓa, wannan ba ya gusawa?"

"Ba ya gusawa, Baba."

"Ko an daɗe?"

"Ko an daɗe."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda rabona da ji tun muna kwari. Wallahi a lokacin na ce a raina shi ke nan, na ci. Wa zai iya buɗe baki yanzu ya ce a cire?

Bafillacen ne ya fara motsi. Ya dubi hoton, ya dubi Baba, ya sake duban hoton. Ya jingine sandarsa a bango, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Subhanallahi. Malam, kai ne? Ban gane ka ba. Ni ne na sha ruwan rijiyar nan, na zo ina surutu. Maganar da na yi na janye ta. A bar shi inda yake."

Mutane suka ce haka ne, a bar shi. Inna ta ce a bar shi. Shef ma ya ce to, shi ba ya ja. Na ji kamar in yi tsalle in taɓa rufi.

Baba ya juyo a kujera ya kalli taubashinsa sama da ƙasa. Ya ce, "Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin Bafillace ya faɗi gaskiya ba sai wannan karon. Ita ce kuma za ka janye?"

Dariya ta ɓarke, har da masu share ido. Ni ban yi ba, don na ji inda maganar ta dosa.

"Babu shi," in ji Baba. "Gaskiyarsa. Ni na fi kowa sanin babu shi. Wurin nan da kuka ce kowa zai gani, ku sa wanda ke da rai. Kai, kwarin da kuke shayarwa yanzu a wajenku, tudu bai kai shi ba?"

Bafillacen ya ce yana dab, bana ya ci gonar farko.

"To shi za ku sa. A gan shi tun yana nan, ko wani ya taimaka a tare masa. Ni lokacin nawa ba wanda ya gani."

Na ce, "Baba!" Da ƙarfi na faɗa, a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na ce to in an cire shi ai gefen tafiya za a kai shi, a rubuta "da", a jera shi da tudu.

Ya ce, "Ai ya tafi, Uwata. A sa shi wurin masu tafiya." Ya juya wajen shef. "An ce kana da hoton wurin na yanzu. Ka sa, ban hana ba. Amma kada ka nuna mini."

Shef ya ce, "Ba ni nuna maka, Baba."

Haka aka tashi. Kadar ta zauna, gaisuwa uku a sama, baya ruwan ƙasa, rubutu manya, Bune ta hau saman Kelle don a bi haruffa kowa ya huta, raƙumi mai ƙiba, kwarin wajen Bune a gefen zama. Mutane suka fita suna ta murna, kowa yana cewa shawararsa ce aka ɗauka. Bafillacen ya raka Baba har rumfa, ina jiyo su suna zagin juna a hanya. Ni na zauna na kira Auta na gaya masa komai. Da na zo kan maganar Baba sai layin ya yi shiru, na ɗauka ya yanke ne, ashe yaron kuka yake.

Ya gyara shafin, ya hau intanet. Ya kira yana ihu wai wani ɗan Gure da ke karatu a ƙasar waje ya gani ya aiko da gaisuwa da Barbarci. Na bi gari ina shelar wannan labari kamar ni aka gaisar. Mu dai ba mu ga shafin a intanet da idonmu ba sai bayan shekaru. Auta ya aiko da sabon disket, aka sake cika biro aka kalla, Inna ta sake guɗa.

Tsohon disket ɗin kuwa ba wanda ya tambaye shi. Na mayar da shi gwangwanin shayinsa na jefa a aljihun tebur.

Bayan kamar sati biyu, da rana tsaka, kasuwa ta yi sanyi, ina bugun wani rahoto, na ji sallama a ƙofa. Baba ne, da rigarsa ta rumfa, ƙurar dabino a hannu. Ya tsaya yana duban zanen gadon da na yaye na ajiye. Ya tambayi lafiyar shef, ya tambayi ko kuran yana nan. Na ce yana nan. Sai ya ce, "Wancan na farkon, da aka gyara, gogewa ya yi?"

Na buɗe aljihun tebur na ɗauko gwangwanin.

Daga ranar ya zama yana zuwa, ba kullum ba, in dai kasuwa ta lafa kuma ya ga fitilar kantin Alhaji a kunne, alamar akwai kuran. Shef in ya gan shi sai ya tuna yana da aiki a waje. In ba shi kujera, in sa disket, koren nan da kowa ya ƙi ya cika gilashin, ga ramammen raƙumi, ga kurakuran Faransanci, ba gaisuwa ba komai. Ba ya son a buɗe a bar shi haka nan. Sai ya ce, "Taɓa Kelle." In taɓa. "Taɓa Gidigir." In taɓa. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya, daman yana ta juyawa, shi idonsa yana hagu. Rairayi kaɗai ba ya cewa a taɓa, ni ma ban taɓa kai ɓeran wurin ba.

In mun kai ƙarshe sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce, "To, yana nan. Rufe, Uwata, na bar rumfa ba kowa."